Ƙuri'a ta Biyar

Talata, 15 ga Agusta, tara na safe

Likita ya ce in riƙa rubuta abin da na ci da yadda jinina ya kwana, shi ya sa na sayi wannan littafi. To, na ci ƙwai biyu da burodin masara, jini kuma yana nan inda na bar shi. Sauran shafin fa? Asara ce a bar takarda fara.

Yau da yamma akwai zaman majalisar gari. Mu biyar ne ke riƙe da Pruitt Landing, garin da mutanensa na maƙabarta sun fi na kan titi yawa. Al'adarmu tun ta kakanni, wanda ya fi daɗewa a kujera shi ke faɗin ƙuri'arsa a ƙarshe, wai don kada yara su ga bakin babba su bi. Shekara goma sha tara ke nan ni ne na ƙarshe. Kafin a iso kaina an riga an gama, sai in ɗora tawa a kan tudun da ya fi tsawo. Sau biyu kacal aka taɓa yin biyu da biyu, ɗaya a kan fentin tankin ruwa, ɗaya a kan karnuka, duka na ce a ɗage zama har maganar ta mutu da kanta. Mutane na cewa Orval dattijo ne mai hangen nesa, bai taɓa shan kaye ba. Ni dai na san wanda ya zo bayan an sauke tukunya ba ya ƙona hannu.

Ɗayan aikina shi ne riƙe kwalbar yashi mai auna lokaci. Ta dafa ƙwai ce, ta marigayiya matata. Duk ɗan garin da ya tashi magana minti uku gare shi, in yashi ya ƙare na buga cokali a tebur.

Laraba, 16 ga Agusta, bakwai na safe

Boyce ya zo da takarda. Boyce Hadley ne magajin gari, tare muka yi satar kankana a gonar ubansa muna 'yan shekara tara, don haka in ya yi mini muryar ofis dariya nake yi. Jiya ban yi ba.

Majalisar jiha na duba dokoki biyu. Ɗaya ta ce a daina karɓar kuɗin beli: wanda aka kama alƙali ya dube shi, in mai haɗari ne a riƙe, in ba haka ba ya koma gida ya jira shari'a ko da babu ko sisi a aljihunsa. Ɗayar ta ce shagunan da ke da lasisin sayar da wiwi su iya kai wa mutum har ƙofar gida, kamar madara. An ce kowane gari ya faɗi bakinsa kafin ƙarshen wata. Boyce ya cusa su biyun a takarda ɗaya, ya rubuta a ƙasa cewa Pruitt Landing ba ta yarda ba.

Corliss, malamar makarantar da ta shigo majalisa bara, ta ce, "Ranka ya daɗe, me ya haɗa kifi da kaska?"

Boyce ya ce, "Takarda ta yi tsada, malama. Kuma ai tafiyar ɗaya ce: a sako ɓarawo da safe, a kai masa hayaƙinsa da yamma."

Harmon mai shagon ƙusoshi ya yi dariya har da dukan tebur. Shi yana bayan Boyce. Tillman likitan shanu yana bayan Corliss. Biyu da biyu. Duk suka juyo suna kallona kamar na ɓoye musu nama a kumatu.

Na ce a ɗage. Boyce ya ce, "Wannan karon ɗagewa ɗaya ce tak, tsoho. Ranar ashirin da tara ka zo da bakinka."

Da muka fito Corliss ta biyo ni har mota. "Baba Orval, kai fa ka fi kowa sanin zafin wannan abu. Minti goma kacal ka makara! In ka ba da labarin nan a zaure, ko Harmon sai ya sunkuyar da kai."

Na ce mata gwiwata na ciwo, na ja ƙofa.

Alhamis, 17 ga Agusta, shida na yamma

Ranar Nadine. Matar ƙanena Dorsey ce, marigayi. Ciwon ƙashi ya murɗe mata yatsu da ƙugu, man wiwin da take ɗigawa a ƙarƙashin harshe kaɗai ke barin ta ta runtsa. Duk bayan sati biyu nake kai ta babban garin gunduma, mil ashirin da shida, ta sayo. Matata ta tafi, ba mu haihu ba, Dorsey ma bai bar kowa ba. Duk duniyar nan Nadine ce kaɗai ta rage mai ce mini Yaya.

A hanya ta ce, "Yaya, ko dai in sauka in tura? Ka ga kunkurun can ya wuce mu har ya ɗaga mana hannu."

Na ce, "Mai gaggawa ya sayi jirgi."

Shagon yana inda ake sayar da takalma a da, yana kallon kotu. Na zagaya na ajiye motar a baya kamar kullum. Ta ce, "Ga fili can fetal a gaban kotu, kai kullum sai bayan gida."

"Inuwa nake nema miki."

"Wace inuwa? Ta kwandon shara?"

Ta fito da 'yar jakar takarda tana kaɗa mini rasit. "Ka gani, har da na gode, sai kin dawo. Wanda suka samu a gwangwanin kofin Dorsey bai kai rabin wannan ba."

Sai da muka hau gada ta ce za ta yi magana ranar ashirin da tara. "Idonka ya fara mutuwa, Yaya, kada ka musa, na ga yadda ka gaisa da akwatin wasiƙa jiya. Ranar da suka karɓe maka lasisi wa zai kawo ni? Amma ba wannan kaɗai ba. Zan gaya musu yadda ka yi gudu ranar nan ka makara da minti goma. Su ji abin da dala ɗari uku da taga ɗaya suka yi mana."

Kowa a garin nan ya san labarin. Shekara talatin da huɗu ke nan. An kama Dorsey da ganyen wiwi, ya bugo mini waya ranar Juma'a da safe. Lokacin babu gada, ni ke tuƙa jirgin fito mai ɗaukar motoci. Motar shanu ta maƙale a bakin jirgi. Tagar biyan beli ƙarfe huɗu ake rufe ta, na isa huɗu da minti goma. Asabar, Lahadi, Litinin kuma hutun ma'aikata. Dorsey na da ciwon suga, mai allura. Talata da safe aka kira mu, ya cika.

Haka labarin yake. Haka nake ba da shi.

Juma'a, 18 ga Agusta, uku da minti ashirin na yamma

Na ji ƙararrawa.

Asabar, 19 ga Agusta, da hantsi

Ba ta coci ba ce. Na san muryar ta coci, kamar an buga kwano take. Wannan ta tsallaken kogi ce, wadda matafiya ke kaɗawa su kira ni in zo in ɗauke su. Tun da aka gina gada aka ciro ta, tana nan rataye a ƙofar zauren gari, an cire mata harshe saboda yara. Na je da safen nan na leƙa cikinta. Gidan zanzaro ne a ciki.

Kakarmu Idabel, in ta zauna a baranda tana ɓarar wake, ni da Dorsey muna gindinta, akwai labarin da takan ba mu na wani mai fito. Wai ya zauna cin abinci, ya kai cokali baki, sai ya ji ana kira daga tsallake. Ya ce bari dai in ƙarasa waken nan, kogi ba gudu zai yi ba. Da ya cinye ya suɗe kwano ya haye, bai tarar da kowa ba sai takalmi ƙafa biyu a jere a kan yashi, suna kallon ruwa. Daga ranar, duk sa'ad da ya ɗaga cokali sai ya ji kiran.

Dorsey kan ce, "Kaka, sai ya mutu?"

Ta ce, "Ina! Ai da ya huta. Shekara casa'in ya yi."

Dorsey ya riƙa dariya har yana birgima. Shi komai dariya ne a wurinsa.

Na ci tumatir da gishiri. Jini ya ɗan hau.

Lahadi, 20 ga Agusta, biyar na yamma

Bayan coci Boyce ya zo da tarwaɗa soyayya a takarda, muka zauna a baranda. Shekara sittin da wani abu muna cin kifi tare, na san in ya zaɓo mini tsakiya akwai magana.

Ya ce, "Ka tuna fuskar Jolene?"

Na tuna. 'Yarsa ce. Mijinta ya karya mata muƙamuƙi shekara uku da suka wuce, wata biyu tana shan miya da tsinken roba.

"Kwana shida ya yi a ciki kafin uwarsa ta haɗa kuɗin. Kwana shidan nan ne Jolene ta samu ta kwashe kayanta ta bar jihar. Malama ta ce alƙali zai duba. Alƙalin da ke da mutum arba'in kafin abincin rana? Shegen nan in ya sa kwat sai ka ba shi ajiyar 'yarka. Ni ma ai na ba shi."

Boyce ba mugu ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya goge hannu a wando ya ce, "Na san abin Dorsey na ci maka rai. Amma ƙaddara ce, Orval. Ba a gina doka a kan motar shanu."

Na ce masa kifin ya ji gishiri.

Motar shanun ta maƙale, wannan gaskiya ne, akwai shaidu. Wajen ƙarfe ɗaya ta maƙale.

Talata, 22 ga Agusta, uku da minti ashirin

Yau ma. Na kashe rediyo don in tabbatar.

Laraba, 23 ga Agusta, takwas na safe

Ciyawa ta kai gwiwa a bayan gida. Injin yankan yana cikin rumfa. Na je har ƙofa, na taɓa kwaɗon, na dawo na aro na maƙwabci. Ya ce naka ya lalace ne? Na ce e.

Sau biyu na taɓa karɓo Dorsey kafin wancan karon. Na farko faɗa a mashaya, na biyu ya tura motar fasto cikin rami. Duk biyun ya fito yana fito da baki, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya na kaina! Allah ya bar mini kai, ka fi banki, kai ba ka rufewa." Ko a mota ban samu na yi masa faɗa ba, kafin mu kai kogi ya sa ni dariya.

Na gaji a shekarar nan. Wannan ba uzuri ba ne, na rubuta ne kawai don likita ya ce in rubuta komai.

Alhamis, 24 ga Agusta, bayan azahar

Corliss ta zo da 'yar takardarta. Ta tsara mini jawabi, wai don kada in sha wahala. Ta karanta mini a tsaye, da murya irin ta gaban aji: mutumin kirki ya iso yana haki, da kuɗi a hannu, ya tarar an saki labule. Ta iya rubutu, yarinyar. Ni kaina na tausaya wa mutumin.

Na ce, "Malama, kin sa masa haki da yawa."

Ta yi dariya. "Baba, tawali'unka ya yi yawa. Wallahi da ana samun irinku goma a jihar nan da an huta." Sai ta duba takarda ta ce, "Abu ɗaya ne ban gane ba. Allurarsa fa? Hana ku shigar masa da ita suka yi?"

Na tashi na ce bari in ɗora mata kofi. Na daɗe a kicin. Da na fito ba kofin ta riga ta ga lokacin komawa aji ya yi.

Juma'a, 25 ga Agusta, huɗu na yamma

Minti arba'in ba wani dogon lokaci ba ne. Na gwada yau da kwalbar yashi, daga lokacin da ƙararrawar ta kaɗa. Sau goma sha uku na juya, da ɗan ragowa.

Asabar, 26 ga Agusta, da safe

Ban ci komai ba. Likita ya yi haƙuri.

In na bi Boyce, Nadine za ta ji ciwo, amma za ta ce tsufa ne, ta yafe. In na bi Corliss, za a tafa mini a kan hakin da ban yi ba. Kowanne na zaɓa ina nan dattijona. Ashe ƙuri'ar ba ita ce mai wuyar ba.

Nadine za ta miƙe a gaban gari da ƙugun nan nata, ta kashe minti ukunta wajen yabona. Ni kuma ina riƙe da kwalba.

Lahadi, 27 ga Agusta, uku da rabi

Ban je coci ba. Na buɗe rumfa.

Yana nan a saman kanta, bayan gwangwanayen fenti, ɗan akwatin ƙanƙara ja mai farin murfi. Sau uku na canja gida da shi a hannuna, matata ta rasu tana zaton kayan kamun kifi ne. Murfin ya manne sai da na sa wuƙa. Kwalabe biyu ƙanana na maganin suga, abin cikinsu ya bushe ya zama kamar tsatsa. Allurai a leda. Duk a naɗe cikin tawul ɗin kicin mai zanen zakaru, an ɗaure bakinsa da irin ƙullin da Nadine ke yi tun yatsunta na miƙe.

Da hannunta ta miƙo mini shi ta tagar mota. Ta ce, "Da ya fito ka ba shi, Yaya, kada ka bari ya tsaya surutu."

Da na dawo ta tambaye ni, na ce na bayar a ƙofa.

Litinin, 28 ga Agusta, sha ɗaya na safe

Na sami Nadine tana fama da murfin kwalbar zuma. Ta ce, "Yawwa, Allah ya kawo mai hannu. Yau ba Alhamis ba, ko ka fara ɓatan kwanaki ne?" Sai ta ga abin da na ɗora a tebur.

Ba ta taɓa shi ba. Ta daɗe tana kallon zakarun nan da suka leƙo ta gefen murfi.

Na ce, "Kafin ƙarfe biyu mun fitar da motar shanun."

Ta ture kwalbar zuman gefe.

"Na ajiye mota a gaban kotu, ina ganin tagar daga inda nake. Akwai mutum biyu a layi."

Ta ce, "Ƙarfe nawa?"

"Uku da minti ashirin."

"Kana me a motar?"

Da ma wani abu ta tambaya ba wannan ba. Na ce, "Ina cin gyaɗa. Ina tsara abin da zan gaya masa ranar Talata, in ya kwana huɗu ya ji yadda ake ji. Na ce ai suna da nas a ciki, shi ma yana da baki. Da huɗu ta wuce na sauka na je na tsaya a tagar, don a gan ni."

"Akwatin fa?"

"Yana ƙasan kujera. Sai da na iso bakin kogi na tuna. Na ce gobe."

Agogon bangonta yana da ƙara, ban taɓa lura ba. Ta sa tafin hannu biyu ta jawo akwatin gabanta a hankali, kamar kwano mai zafi.

Ta ce, "Duk shekara ranar nan nake gasa maka kek ɗin tuffa. Don kada ka zauna kai kaɗai da baƙin ciki."

Na ce na sani.

"Talatin da uku ka ci."

Na ce na sani.

"Tashi ka tafi, Orval."

Tun ranar da Dorsey ya kawo ta gidanmu tana 'yar shekara ashirin da biyu, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na kai hannu, ta ce, "Bar shi. Nawa ne."

Talata, 29 ga Agusta, uku da minti ashirin

Ƙararrawar ba ta kaɗa ba. Na zauna ina jira kamar wawa.

Laraba, 30 ga Agusta, bakwai na safe

Zaure ya cika har an aro kujeru daga coci. Mutum tara suka yi magana. Wata ta ce in aka fara kai wiwi gida, gobe yara za su yi oda da wayar uwarsu. Wani tsohon soja ya ce shi ƙafarsa ɗaya ce, a gaya masa da wacce zai taka birki har mil ashirin da shida. Ƙanwar Boyce ta yi maganar Jolene tana kuka, ban buga mata cokali ba ko da yashi ya ƙare.

Nadine ce ta ƙarshe. Corliss ce ta ɗauko ta. Kafin ta iso gaba da ƙarfen dogarawarta har an fara tari. Na juya kwalba.

Ta ɗaga yatsunta ta ce, "Ku duba. Da waɗannan ba na tuƙi, ba na buɗe zuma. In gwamnati ta yarda in saya, ban ga dalilin da za ta ce sai na roƙi wani ya kai ni ba. Wannan ke nan. Na biyu, mijina ya mutu a tsare a kan dala ɗari uku. Ba alƙali ne ya ce mai haɗari ne ba. Cewa aka yi a kawo kuɗi, sai ransa ya koma hannun mai kuɗin. Mai kuɗin kuwa mutum ne. Yana gajiya, yana fushi, yana so ya koya wa wani hankali. Boyce, ina jin ciwon Jolene har raina. In mutum abin tsoro ne a riƙe shi don abin tsoro ne. Amma kada ku ƙara sa ran wani a aljihun ɗan'uwansa."

Yashi bai kai rabi ba. Ba ta zauna ba. Ta juyo ta tsaya tana kallona, ni kuma ina kallon kwalba, har ƙwayar ƙarshe ta faɗa. Ban san minti ɗaya da rabi na da tsawo haka ba.

Sakatariya ta fara kira. Corliss, a'a. Tillman, a'a. Harmon, e. Boyce, e, bai ɗago kai ba.

"Orval Tackett."

Na ce, "Kafin nan a rubuta wani abu a littafin gari. Labarin da kuka sani na ƙanena, akwai gyara. Ba huɗu da minti goma na isa ba. Uku da minti ashirin na isa, na zauna a mota."

Harmon ya ce, "Me yake cewa? Ku ce ya ɗaga murya." Ba wanda ya maimaita masa. Corliss ta kife takardar jawabin nan a tebur.

Sakatariya ta ce, a hankali, "Ƙuri'arka, Baba."

Na ce a'a.

Uku da biyu, takardar Boyce ta faɗi. Ba wanda ya tafa. Ba na jin akwai wani a babban birnin jiha da zai rasa barci don Pruitt Landing ba ta aiko da wasiƙa ba, ko sanin inda muke ban tabbata sun yi ba.

A bakin ƙofa, ƙarƙashin ƙararrawar nan marar harshe, Boyce ya tsaya yana neman makullinsa a aljihun da ba ya ciki. Ya ce, "Shekara talatin da huɗu kana cin kifina da wannan a cikinka?"

Na ce e.

"In wani ya fito ya taɓa 'yar wani, zan zo in buga maka ƙofa."

Na ce ya zo, ina gida.

Alhamis, 31 ga Agusta, biyu na rana

Ranar shago. Na tsaya a ƙofar Nadine na yi hon sau ɗaya. Labule ya motsa. Na jira rabin awa na dawo.

Maganinta jiya ya kamata ya ƙare.

Juma'a, 1 ga Satumba, shida na yamma

Ta bugo da hantsi. Ba gaisuwa. "Ka zo biyu da rabi."

Ta shiga ta manne da ƙofa, akwatin a cinyarta. Mil ashirin da shida ba ta ce kunkuru ya wuce mu ba. Da na sa sigina zan zagaya baya ta ce, "A'a. Inda ka tsaya."

Na shiga filin kotu. Bishiyar da ke wurin an sare ta, amma na gane gurbin, na uku daga fitila. Na kashe mota. Agogon gaban mota ya nuna uku da sha takwas, muka jira biyun.

Ta ce, "Duba agogonka." Ta buɗe ƙofa, ta hana ni taimaka mata. Ta rataya akwatin a jikin ƙarfen dogarawa ta kama hanya. Ɗaga ƙarfe, ajiye, jawo ƙafa. Akwatin na bugun ƙarfen, ƙwal, ƙwal, ina jin sa har ta yi nisa. Wani ɗan sanda ya taso zai riƙe ta, ta girgiza kai. Ta hau tudun masu keken guragu, ta kai ƙofar gilashi, ta ɗora tafin hannu a jiki. Ta ɗan tsaya. Sannan ta juyo.

Da ta zauna sai da numfashinta ya dawo ta ce, "Nawa, zuwa?"

"Minti huɗu."

"Da wannan ƙugun."

Muka zauna, gilashi a buɗe, zafi na dukan rufin mota. Mutane na shiga suna fita da takardu. Wata mata ta fito da wani dogon saurayi tana dukan ƙeyarsa da jaka, shi kuma yana dariya. Nadine ta bi su da ido har suka shiga mota.

Agogon kotu ya buga huɗu. Ta ajiye akwatin a ƙasan kujera, daidai inda ya taɓa zama.

Ta ce, "Kwana biyu ban runtsa ba. Titin nan da faɗi, kawo hannunka."

Muka tsallaka. Ba ta ce Yaya ba, ba ta kuma ce Orval ba. A dawowa, muna kan gada, kogin ya ja baya har yashin tsallake ya fito fari, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Alhamis ta sama ka zo da wuri. Kuma daga yau a nan gaba za ka riƙa ajiye motar."